RIP a Damagaram: A Ci Gaba da Koyar da Shi ko A Yi Masa Ritaya?

Layi biyar sun wadatar. Mutum ya zauna gaban rautar Cisco ya rubuta router rip, ya bi shi da version 2, sannan no auto-summary, ya ƙarasa da layin network guda biyu masu nuna wa na'urar ƙofofin da za ta riƙa magana ta cikinsu. Ya maimaita haka a rauta ta biyu. Kafin rabin minti ya cika, in ya buga show ip route, zai tarar da sabon layi mai farawa da harafin R. Na'urar ta san hanyar zuwa wani yanki da ba a haɗa ta da shi kai tsaye ba, kuma babu wanda ya rubuta mata hanyar da hannu. Maƙwabciyarta ce ta gaya mata.

Wannan shi ne RIP, mafi sauƙi cikin tsare-tsaren da rautoci ke bi su sanar da juna hanya. Charles Hedrick na Jami'ar Rutgers da ke Amurka ya rubuta ƙa'idarsa a hukumance a 1988, amma an daɗe ana amfani da shi kafin nan. Tsufan nasa ne ya jawo ja-in-ja tsakanin masu sana'ar. Wasu na ganin lokaci ya yi da za a fitar da shi daga aji da wurin aiki baki ɗaya. Wasu kuma na cewa wanda bai fara da RIP ba, da wuya ya gane abin da sauran tsare-tsaren suka zo gyarawa.

Ana wannan gardama a duk inda ake koyon haɗa rezo, sai dai a Damagaram tana da nauyi na daban. Birnin yana da nisan kusan kilomita 900 daga Yamai, inda mafi yawan manyan ofisoshi da ƙwararrun injiniyoyi suke. Tun 2010 yana da jami'arsa, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi ɗan garin da ya rubuta littafi kan masarautar Damagaram a ƙarni na 19. Matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a kan hanyar Tanut a 2011. Shirin shimfiɗa igiyar fiba ta ƙetaren Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, yana da reshe daga Damagaram zuwa Magarya har iyakar Najeriya. Ga bankuna, asibitoci da ƙungiyoyin agaji masu rassa a Mirya, Matamai, Gure da Tanut. Duk waɗannan suna buƙatar samari da ƴammata da suka iya haɗa ofis da ofis, su kuma gyara in abu ya lalace ba tare da jiran wani ya taso daga babban birni ba. Tambayar ita ce da me za a horar da su, da me kuma za su yi aiki.

Labari daga bakin maƙwabci

A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, ayarin da ya taso daga Tarabulus yakan ratso Gat da Abzin da Damargu kafin ya sauka a unguwar Zango, daga nan ya nufi Kano. A ɗauka kowane mai masauki a kan wannan hanya bai taɓa wuce garinsa ba, abin da ya sani sai wanda mai masaukin gaba ya aiko masa. Na gaba ya ce daga wurina Kano zango huɗu ce, shi kuma ya ƙara ɗaya ya gaya wa na bayansa zango biyar ce ta wajena. Madugu ya tambaya, a nuna masa ƙofa a faɗa masa adadi. Babu mai taswira a cikinsu, amma kaya na isa.

Haka RIP yake aiki. Kowace rauta tana riƙe da jadawali mai abu uku: ina za a je, zango nawa ne, ta wace maƙwabciya. Duk bayan sakan 30 takan karanta wa maƙwabtanta wannan jadawali gaba ɗayansa ta tashar UDP mai lamba 520, hanyoyi 25 a kowane saƙo. Wadda ta ji sai ta ƙara ɗaya a kan kowane adadi ta gwada da abin da ke hannunta, in sabon ya fi gajarta ta ɗauka. Iyakar tafiya zango 15. In adadi ya kai 16, an ɗauka wurin ba ya isuwa. Maƙwabciyar da ta yi shiru har sakan 180, sai a daina yarda da hanyoyinta, kuma a rautocin Cisco ana share su daga jadawali bayan sakan 240.

Lissafin da ke ƙarƙashin wannan ya girmi intanet. Lester Ford ya bayyana shi a 1956, Richard Bellman a 1958. ARPANET, kakar intanet, ta fara da irinsa a 1969. Kamfanin Xerox ya sa shi cikin tsarinsa na haɗa kwamfutoci, daga baya Jami'ar Berkeley ta saka wata ƴar manhaja mai suna routed cikin Unix ɗinta a farkon shekarun 1980, ta haka ya bazu a jami'o'i da kamfanoni. Kashi na biyu na RIP, wanda Gary Malkin ya jagoranci rubutawa, ya fito a 1993 aka kammala gyaransa a 1998. RIPng na adireshin IPv6 ya zo a 1997.

Masu cewa a ci gaba da shi

Hujjar farko ta malaman aji ce, kuma tana da ƙarfi. RIP ne kaɗai tsarin da ɗalibi zai iya bin lissafinsa da alli a kan allo, ya faɗi abin da rauta za ta yi kafin ta yi. In ya buga debug ip rip, zai ga saƙonni na shiga da fita a bayyane: an karɓi labarin yanki kaza daga maƙwabciya kaza, zango biyu. Babu abin da ke ɓoye. Layi irin R 192.168.2.0/24 [120/1] yana koya masa abu biyu lokaci guda. Lamba 1 ita ce zango, 120 kuma matsayin amincin da Cisco ya ba RIP, inda ƙaramar lamba ke rinjaye: takwarorinsa OSPF na da 110, EIGRP 90, hanyar da aka rubuta da hannu kuwa 1. Ɗalibin da ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa tsohuwar hanyar hannu da wani ya manta a cikin rauta za ta danne duk abin da RIP ya koyo.

Na biyu, kurakuran RIP darussa ne masu kyau. Misali rautoci biyu, ɗaya an sa mata version 2, ɗayar an manta. Rautar Cisco da ba a gaya mata komai ba tana aika kashi na farko amma tana karɓar duka biyun, wadda aka sa wa version 2 kuwa ba ta sauraron kashi na farko. Sakamakon shi ne ɗaya ta cika jadawalinta, ɗayar na zaune fayau, saƙo ya tafi amsa ta kasa dawowa. Ɗalibi zai yi ta duba waya yana zargin igiya, har sai ya buga show ip protocols ya ga abin da kowace ke aikawa da abin da take karɓa. Daga ranar ba zai sake mantawa cewa hanyar zuwa daban, ta dawowa daban ba.

Ga wani misalin da ya fi wannan daɗin koyarwa. A ɗauka wata ƙungiya ta ba ofishinta na Mirya adireshi masu farawa da 10.1, na Magarya 10.2, dukansu kuma suna haɗe da Damagaram ta layukan 192.168. In aka bar taƙaitawa ta atomatik, wato aka manta layin no auto-summary, kowane reshe zai yi shelar cewa shi ke da yankin 10.0.0.0 dungurungum. Rautar Damagaram ta ga hanyoyi biyu masu tsawo ɗaya zuwa wuri ɗaya, sai ta raba kaya tsakaninsu. Wasu saƙonni su isa, wasu su ɓace, ma'aikata su yi ta cewa rezo na wasa. Irin wannan matsala mai zuwa ta tafi ita ce ke gwada ma'aikaci na gaske. Akwai kuma sauran da aka saba gani: layin network da aka tsallake, passive-interface da aka sa a ƙofar da ba ita ba har rauta ta yi gum, katangar tsaro da ta toshe tasha 520, kalmar sirri da ta bambanta da harafi ɗaya.

Hujja ta uku ta fito daga wurin aiki. Reshen da ke Tanut ko Gure sau da yawa ma'aikaci ɗaya ne ke kula da kwamfuta, firinta, batura da rauta duka. In OSPF ya ƙi ƙulla maƙwabtaka, dalilan na da yawa: lambar shiyya ta saɓa, lokutan gaisuwa sun bambanta, girman ƙunshi bai zo ɗaya ba, ko rautoci biyu sun ɗauki lambar shaida guda. Bin diddigin waɗannan ta wayar salula da injiniyan da ke Yamai aiki ne mai cin rai. RIP kuwa ko dai labari na zuwa ko ba ya zuwa. Ga rezo mai rautoci uku ko huɗu, in ji masu wannan ra'ayi, tsarin da mutumin wurin ya iya gyarawa ya fi wanda sai an yi masa aike.

Suna kuma tunatar da cewa dabarar karɓar labari daga maƙwabci ba ta mutu ba. BGP, wanda ke haɗa manyan kamfanonin intanet na duniya, ɗan'uwanta ne, illa dai shi yana faɗin jerin waɗanda labarin ya ratsa. Ranar 12 ga Nuwamban 2018 kamfanin MainOne na Legas ya yi kuskuren shelanta hanyoyin Google, maƙwabta suka ɗauka suka miƙa gaba, zirga-zirgar da ya kamata ta je Google ta bi ta Sin da Rasha har tsawon minti 74. Ɗalibin da ya taɓa ganin rauta ɗaya ta ruɗa ƴan'uwanta uku a ɗakin gwaji ba ya buƙatar dogon bayani kan abin da ya faru ranar.

Masu cewa ya isa haka

Ɗaya ɓangaren ba su musun sauƙin RIP. Ƙorafinsu shi ne sauƙin nasa makanta ce, kuma makantar ta fi yin illa a wuri irin Damagaram inda layuka ba su yi kama da juna ba. Ofis ɗaya na kan fiba, wani na kan eriyar rediyo da aka kafa a saman gini, wani na dogara da layin kamfanin salula, wani ya koma tauraron ɗan'adam. RIP ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan bambanci. Zango kawai yake ƙirgawa.

A ɗauka akwai tsohon layin rediyo mai megabit 2 tsakanin Damagaram da Magarya kai tsaye, akwai kuma hanyar fiba mai megabit 100 da ta bi ta wata rauta a tsakiya. A idon RIP ta farko zango ɗaya ce, ta biyu zango biyu, don haka zai tura komai ta siririyar hanya ya bar fiba na zaman banza. OSPF a rautar Cisco yana raba megabit 100 da ƙarfin layi ya fitar da farashi: layin rediyo 50, layukan fiba 1 da 1, jimilla 2. Zai bi fiba, ya ajiye rediyo don ranar da aka yanke igiya. Masu kare RIP na cewa akwai umarnin offset-list da ke ƙara wa hanya zango na ƙarya. Gaskiya ne, amma kowane ƙari yana cin wani abu daga cikin 15 ɗin da ake da su, kuma wanda ya fara yi wa kowane layi irin wannan kwaskwarima ya riga ya rabu da sauƙin da ya sa ya zaɓi RIP.

Sai babbar cutar, wadda ake kira ƙirga marar iyaka. Rautoci uku a jere a kan titin gabas: Damagaram, Mirya, Gure. Mirya ta san yankin Gure zango 1 ne, Damagaram ta san 2 ne ta Mirya. Gure ta mutu. Kafin Mirya ta sanar, lokacin shelar Damagaram ya yi, ta ce ina da hanyar yankin Gure, zango 2. Mirya ba ta san cewa ita ce tushen wannan labari ba, sai ta rubuta 3 ta Damagaram. Damagaram ta ji maƙwabciyarta ta koma 3, ta mayar da nata 4. Haka za su yi ta hawa har 16, saƙonni kuma na ta kai-komo tsakaninsu suna cinye layi. An kawo magunguna: kada rauta ta mayar wa maƙwabciya labarin da ta samo daga gare ta, ko ta mayar mata da shi da lamba 16 don ta yanke ƙauna, a yi shela nan take in hanya ta mutu ba sai sakan 30 sun cika ba, a ƙi karɓar sabon labari kan hanyar da ta mutu na wani ɗan lokaci. Waɗannan sun magance jeri irin na sama. Amma inda rautoci uku ko fiye suka yi zobe, wato daidai irin rezon da aka kashe kuɗi aka yi wa hanyar ko-ta-kwana, jita-jitar na iya zagayowa ta bayan gida. Iyakar 15 ɗin ma ba don komai aka sa ta ba sai don ƙirgar ta samu wurin tsayawa.

Masu ARPANET da kansu sun gaji da wannan tun 1979, suka koma tsarin da kowace na'ura ke riƙe da taswirar rezo baki ɗaya ta lissafa hanya da kanta ta dabarar da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959. Gani ya kori ji. Daga wannan zuri'a OSPF ya fito a 1989, kuma kashinsa na biyu da John Moy ya rubuta ya samu siffarsa ta yanzu a 1998. Abin da ya riƙe RIP a lokacin shi ne rautoci ba su da ƙwaƙwalwar ɗaukar taswira. Yau ƙaramar MikroTik irin wadda masu sayar da tikitin wifi a unguwanni ke rataye wa a bango tana gudanar da OSPF da BGP ba tare da gumi ba.

Tsaro ma abin dubawa ne. Kashi na farko na RIP ba ya tambayar kowa shaida: duk kwamfutar da aka jona a layin za ta iya cewa ita ce gajeriyar hanya zuwa ko'ina, a kuma yarda da ita. A 2015 kamfanin Akamai ya yi gargaɗi cewa maɓarnata na amfani da tsofaffin rautocin gida da na ƙananan ofisoshi masu RIP na farko, waɗanda aka bari a buɗe ga intanet, suna aika masu ƙaramar tambaya da adireshin wani, su kuma su antaya wa wancan manyan amsoshi har layinsa ya toshe. Kashi na biyu yana da kalmar sirri da sa hannun MD5, amma sai wanda ya tuna ya kunna.

Hujjarsu ta ƙarshe ta shafi cin abinci. Tun watan Fabrairun 2020 da Cisco ya sake fasalin jarrabawar CCNA zuwa 200-301, saita RIP ya fita daga cikin abin da ake tambaya, OSPF ya rage. Manyan kamfanonin sadarwa a ko'ina suna gina cikin rezonsu da OSPF ko IS-IS, su yi hulɗa da waje da BGP. Matashin da ya gama karatu a Damagaram ya tafi neman aiki Yamai, Maraɗi ko Kano, a kan waɗannan za a tambaye shi. Sa'o'in aji ba su da yawa, kayan gwaji ma haka. Duk makon da aka ba RIP an ƙwace shi ne daga wani abu.

In kuran ya ɗauke

Akwai wuri guda da ɓangarorin biyu ke jan hujja ɗaya kowa zuwa gefensa, wato wutar lantarki. Yankin Damagaram da Maraɗi ya daɗe yana samun kaso mai yawa na wutarsa daga Najeriya ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Da Najeriya ta katse wutar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, kowa ya ga yadda ofisoshi suka koma kan gurup da batura da faranta masu zuƙar rana. Ko a lokacin lafiya, ɗaukewar kuran a watannin zafi ba baƙon abu ba ne.

Masu kare RIP na cewa nawarsa a nan rahama ce. Rautar reshe ta mutu, mai gadi ya tayar da gurup, ta dawo kafin sakan 180 su cika, ta nemi jadawali daga maƙwabta aka ba ta. Sauran rezo bai ma san an yi ba. OSPF kuwa yana gaisuwa duk sakan 10, in bai ji amsa ba cikin sakan 40 sai ya yanke hukunci ya sanar da kowa, kowa ya sake lissafi, in ta dawo a sake wani.

Masu suka na amsawa da cewa a cikin waɗannan minti uku RIP na ci gaba da zuba saƙonni a hanyar da babu kowa, ko da akwai wata lafiyayya a gefe. Ga banki mai layin mutane a gaban kanta, ko asibiti mai aika sakamakon gwaji, minti uku a kowace ɗaukewar wuta ba ƙaramin abu ba ne. Sake lissafin OSPF kuma a rezo mai rautoci goma ba ya ɗaukar ko ƙiftawar ido. Dukansu suna da gaskiya, kowa a kan irin rezonsa. Inda babu hanya ta biyu, saurin gano mutuwa ba ya amfanar kowa. Inda akwai ta, jinkirin ya zama asarar kuɗin da aka kashe aka gina ta.

Abin da ma'auni ya nuna

Wannan bambanci ya fito da wani abu da gardamar kan tsallake. Mafi yawan rassa a cikin jihar ƙofa ɗaya suke da ita zuwa waje. Ofishin Matamai ba shi da zaɓi sai ya miƙa komai ga hedkwata ko ga kamfanin da ya ba shi layi. Irin wannan ba ya buƙatar RIP, ba ya buƙatar OSPF. Layi ɗaya na hanyar hannu mai cewa duk abin da ba na gida ba a tura shi can ya ishe shi, ba ya cin layi da shela, ba kuma wanda zai ruɗe shi da labarin ƙarya. Da zarar an ƙara ƙofa ta biyu mai ƙarfi daban, fiba da rediyo ko fiba da tauraro, an shiga filin da RIP ya fi rauni. Abin da ya rage masa a wurin aiki ɗan siririn fili ne: rautoci kaɗan, layuka masu kama da juna, ko tsohuwar na'ura da ba ta jin wani yare sai shi.

Don haka a fagen aiki hujjar masu ritaya ta fi nauyi. Wanda zai gina sabon rezo yau tsakanin Damagaram da rassanta ba shi da dalili mai ƙarfi na farawa da RIP, kuma wahalar OSPF da ake tsorata mutane da ita ba ta kai yadda ake faɗa ba in an tsaya a shiyya ɗaya, domin saitinsa ma layuka kaɗan ne.

A aji kuwa ma'aunin ya karkata ɗaya gefen, amma da sharaɗi. Cire RIP daga jarrabawar wani kamfani bai sa ya daina zama hanya mafi gajarta ta nuna yadda rautoci ke ruɗa juna ba. Manhajojin gwaji irin Packet Tracer da GNS3 suna tafiya a kan kwamfuta ɗaya ba tare da intanet ba, kuma FRRouting na mayar da tsohuwar kwamfuta mai Linux rauta kyauta. Zama biyu ko uku sun isa: a saita, a yanke layi da gangan, a kashe kariyar mayar da labari a kalli lambobi na hawa zuwa 16, a riƙe agogo a auna jinkiri, sannan a sa OSPF a kan rezon nan a sake aunawa. Kuskuren shi ne a shafe zangon karatu guda ana haddace umarninsa, ɗalibi ya fita yana zaton abin da zai tarar a kamfani ke nan.

Akwai kuma dalilin da zai sa sanin wannan zuri'a ya yi wa ɗan Damagaram amfani nan gaba. Babel, wanda Juliusz Chroboczek ya ƙirƙira a Paris aka kuma amince da ƙa'idarsa a 2021, shi ma daga bakin maƙwabci yake karɓar labari, amma yana auna ingancin layin rediyo, kuma yana da sharaɗin da ke hana shi karɓar hanyar da za ta jefa shi cikin zobe. An yi shi ne don rezon eriya da eriya inda layi ke kyau da safe ya lalace da yamma, irin wanda za a iya buƙata wajen haɗa makarantu da gidajen likita na karkara a Damagaram Takaya ko Dungas. Wanda ya san inda RIP ke tuntuɓe zai karanta bayanin Babel ya gane dalilin kowace dokarsa.

Sai kuma batun gado. Sabon ma'aikaci ba kasafai yake tarar da fili fayau ba, rezon da wani ya haɗa shekaru da suka wuce yake gada, sau da yawa babu takarda. In ya buga show ip protocols ya ga RIP na gudana, aikin ranar farko ba sauya tsari ba ne. Zai duba ko kashi na farko ne ya mayar da shi na biyu a duk rautocin lokaci guda, ya kashe taƙaitawa ta atomatik, ya sa passive-interface a kowace ƙofa da ke fuskantar kwamfutocin ma'aikata, ya kunna sa hannun MD5 tsakanin rautoci, ya toshe tasha 520 daga ɓangaren intanet. Bayan haka zai iya kunna OSPF a gefe ba tare da kashe RIP ba, tunda 110 na rinjayar 120, hanyoyin za su koma sabon tsarin da kansu ɗaya bayan ɗaya. Ranar da show ip route ya daina nuna harafin R a kowace rauta, sai ya rubuta no router rip.